Shagon Pat Summitt

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ka ji ƙarar keken ɗinki na fitowa daga wani gida ba. A ciki akwai mace guda da ta yi suna a ɗinki, kewaye da 'yan matan da iyayensu suka kawo koyon sana'a. Sabuwar zuwa guga take yi da sa maɓalli. Wadda ta ɗan jima an sakar mata kalmasa da sa zif. Babbar cikinsu kaɗai ake bari ta ɗora almakashi a kan atamfar mutane, domin ɗinki in ya karkace ana warwarewa, yanka kuwa in ya ɓaci shi ke nan. To, daidai lokacin da hannun babbar nan ya faɗa, har uwar ɗakin ta fara samun damar miƙe ƙafa, sai a kawo kayan sa rana. Yarinya ta tare a ɗakinta da kekenta, uwar ɗaki ta koma kan wadda ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Su kuwa masu kaya babu ruwansu da wace ce ta tafi. Ɗinkin Sallah suke so a kan lokaci, kuma da kyawun da suka saba gani.

Ban san wata sana'a da ta fi wannan kama da aikin kocin ƙwallon kwando na jami'a a Amurka ba. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa na Turai mun san koci a matsayin wanda ke nuna ɗan wasa a sayo masa, in ya ji daɗinsa ya riƙe shi shekara goma. A jami'o'in Amurka ɗan wasa ɗalibi ne. Yana zuwa da shekara kamar 18, doka ta ba shi kakar wasa huɗu, daga nan ya yi gaba ko da shi ne gwanin ƙasar. A zamanin da nake magana a kai ba a biyansa albashi, iyakarsa a ɗauke masa kuɗin karatu da masauki da abinci. Saboda haka koci da ƙafarsa yake zuwa gidajen mutane, ya zauna da iyaye, ya roƙi a ba shi amanar ɗa ko 'ya. Cikin duk waɗanda suka yi wannan aiki, Pat Summitt ta Jami'ar Tennessee ce na fi son in ba da labarinta, domin ita ta tarar da shagon babu ko benci.

An haife ta ranar 14 ga Yuni, 1952, a Clarksville ta jihar Tennessee, sunanta na yanka Patricia Sue Head. Gidan manoma ne, suna kiwon shanun madara suna noman taba. Yayyenta uku duk maza ne, kuma mahaifinsu Richard Head bai ware mata aikin mata ba. Abin da suka yi a gona shi ta yi. In an tashi daga aiki sai su haye saman rumbun ciyawa, inda aka kafa musu kwando, a yi biyu da biyu, ba wanda ke raga mata. Richard mutum ne mai tsanani, mara yawan magana, wanda ita da kanta ta ce sai da ta kai shekara 43 ya fara rungumar ta. Amma shi ɗin ne da ya ga makarantar sakandaren yankinsu ba ta da ƙungiyar 'yan mata, ya kwashe iyalinsa ya koma Henrietta don kawai 'yarsa ta samu inda za ta yi wasa. Duk wanda zai fahimci Pat sai ya riƙe waɗannan halaye biyu na ubanta tare, don da su ta yi aiki har ƙarshe.

Yayyenta da ƙwallo suka samu tallafin karatu a jami'a. Ita da ta shiga Jami'ar Tennessee reshen Martin a 1970 sai iyayenta suka biya daga aljihunsu, domin babu irin wannan tallafi ga mata. Sai a 1972 aka kafa dokar tarayya da ake kira Title IX, wadda ta haramta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati fifita maza a kan mata, kuma an ɗauki shekaru kafin tasirinta ya iso filayen wasa.

A 1974, tana da shekara 22, aka ɗauke ta a babban reshen jami'ar da ke Knoxville a matsayin mataimakiya mai karatun digiri na biyu. Kafin ta fara, mai riƙe da ƙungiyar ta ajiye aikin, sai aka ce da ita ga ƙungiya nan. Albashinta dala 250 a wata. Wasu 'yan wasan shekara ɗaya kawai ta ba su. Ita ce direban motar da ke kai su wasa, ita ke wanke rigunan, rigunan da aka saya da kuɗin sayar da cincin ɗin Turawa da ake kira donot. A lokaci guda tana koyarwa, tana karatu, tana kuma jinyar gwiwar da ta tsinke mata jijiya a shekararta ta ƙarshe a Martin, don tana son shiga tawagar ƙasa. Ta kuwa shiga: a wasannin Olamfik na Montreal a 1976, karo na farko da mata suka yi ƙwallon kwando a can, tana ɗaya daga cikin kyaftin biyu na Amurka, suka zo na biyu.

Wasanta na farko a matsayin koci, a Disambar 1974, Jami'ar Mercer ta doke ta da maki ɗaya, 84 da 83. Ta buga wa gida waya. Uban bai rarrashe ta ba, ya dai gaya mata cewa ba a zuwa babbar sukuwar dawaki ta Kentucky da jakuna, ta je ta nemo 'yan wasa. Ranar da ta ci wasanta na farko, a Janairun 1975, 'yan kallo 53 ne a zauren.

Neman 'yan wasan ma ba abu ne mai sauƙi ba, kuma dalilin zai ba mai karatu mamaki. A makarantun sakandaren Tennessee na lokacin, 'yan mata shida da shida suke wasa, an raba fili biyu: uku masu jefawa a kwando suna gefe guda, uku masu tsaro suna ɗaya gefen, ba wadda ke tsallake layin tsakiya. An yi haka ne bisa tunanin wai jikin mace ba zai jure gudu daga wannan kwando zuwa wancan ba. Sai yarinya ta gama sakandare ba ta taɓa jefa ƙwallo a wasa ba, ko ba ta taɓa tare kowa ba, tamkar a kawo maka mai koyo da ta yi shekara huɗu a wani shago tana guga kawai. A 1976 wata ɗaliba mai suna Victoria Cape ta kai hukumar wasannin sakandaren jihar kotu kan wannan, Pat ta je ta ba da shaida a ɓangarenta. Sai a 1979 jihar ta koma biyar da biyar a cikakken fili.

Kofi bai zo da wuri ba. Ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1980 da 1981 da 1984, duk aka doke ta. A 1984 ɗin ta jagoranci matan Amurka suka ci zinare a Olamfik na Los Angeles, amma a gida ana ta raɗe-raɗin cewa ba ta iya ƙarasa aiki. Sai a kakarta ta 13, a 1987, Tennessee ta lallasa Louisiana Tech 67 da 44 ta ɗauki kofin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Daga nan ƙofa ta buɗe: 1989, 1991, sannan uku a jere a 1996, 1997 da 1998, sai 2007 da 2008. Kofi 8 ke nan. Wanda ya duba shekarun zai ga abin da nake nufi da shago. Yaran da suka ci na 1987 ba su ne na 1996 ba, na 1998 kuma sun daɗe da watsewa kafin 2007. Aƙalla sau uku ta gina ƙungiyar zakaru daga tushe, da 'yan matan da ba su taɓa zama aji ɗaya da na baya ba.

Akwai labarin da ke nuna yadda ta ɗauki zuwa gidajen iyaye. A Satumbar 1990, da tsohon ciki, ta hau ƙaramin jirgi zuwa Pennsylvania don ganin iyayen wata yarinya, Michelle Marciniak. Naƙuda ta kama ta a hanya, amma ta shiga gidan ta zauna ta fara magana, sai da abin ya ci tura ta nemi uzuri. A hanyar dawowa matuƙan jirgi suka so sauka a jihar Virginia don a kai ta asibiti, ta kafe ba za ta haihu a can ba, don Jami'ar Virginia ce ta fitar da su daga gasa watanni shida da suka wuce. A Knoxville ta haifi ɗanta Tyler. Bayan duk wannan wahala, Jami'ar Notre Dame yarinyar ta zaɓa. Daga baya ta sauya sheƙa zuwa Tennessee, kuma ita aka zaɓa gwanar wasannin ƙarshe a 1996.

Nan ya kamata a yi maganar zafinta, don masu yabonta sukan wuce wurin da sauri. An san ta da wani kallo da ke kaɗa hanjin yarinya daga can ƙarshen fili. Ta taɓa sa su atisaye da rigunan da suka yi wasa da su, ba a wanke ba, don sun yi sakaci an doke su. Ta taɓa jin sun kwana biki, ta ajiye kwandunan shara a kusurwa huɗu na zauren, ta sa su gudu har suka yi amai a ciki. A ƙasar da ake son nasara, irin waɗannan labarai da dariya ake ba da su. Ni ban ga abin dariya ba, kuma ban yarda cewa amai ne ya koya wa kowa ƙwallo ba. Mun san irin wannan uwar ɗaki, wadda ke wurgi da riga a fuskar yarinya a gaban masu kaya, kuma mun san cewa a bayan kowace gwana da ta yaye akwai wata da ta daina zuwa ta ce wa iyayenta ita ba ta son ɗinki, alhali tana so. Tennessee ma an samu waɗanda suka tattara kayansu suka koma wasu jami'o'i.

Abin da ya raba ta da masu zafi na banza shi ne ta ci gaba da koyon yaran, kuma ta canza. Ta riƙa ba su gwajin gane hali don ta san wadda tsawa ke farkarwa da wadda tsawa ke kashe wa jiki. Takan tara su a gidanta ta girka musu abinci da hannunta. Tamika Catchings, wadda ta zo a 1997, da larurar ji aka haife ta, kuma tun tana ƙarama ta jefar da na'urar kunnenta saboda tsokanar yara. Da kallon laɓɓa take fahimtar magana. Pat ta lura tana magana daga baya yarinyar ba ta juyowa. Ba ta ɗauke shi rashin kunya ba. Ta kira ta gefe ta nuna mata cewa mai matsalar ido tabarau yake sawa ba ya jin kunya, kuma wata rana yara masu irin larurarta za su dube ta su yi koyi. Tamika ta koma sa na'urar. Ita da Chamique Holdsclaw, wadda kakarta ta rena a Queens ta birnin New York, da Semeka Randall, su ne ƙashin bayan ƙungiyar 1998 da ta buga wasa 39 ta ci 39. Ni dai kofin 1997 ya fi burge ni, don a wannan kakar sau 10 aka doke su, kowa ya fid da rai, sai ga su sun haɗe daidai watan Maris, lokacin gasar sili-ɗaya-ƙwale.

Sai maganar da ta fi komai nauyi a wurina. Uwar ɗaki ta gari ta san ranar tafiya na zuwa, shi ya sa ba ta barin yarinya a kan guga har shekara huɗu don kawai guga ce shagon ke buƙata. Tana koya mata awo da yanka da yadda ake sa farashi, abubuwan da ba ita za ta ci moriyarsu ba, tana kuma matsa wa iyaye su yi tanadin keke. A wurin Pat keken nan shi ne kwalin digiri. Dokarta a fili take: 'yar wasanta a layuka uku na gaba take zama a aji, wadda ta yi fashin aji kuwa ba za ta buga wasa na gaba ba, ko wace ce. A tuna cewa gasar ƙwararru ta mata, WNBA, sai a 1997 aka fara ta. Wato fiye da shekara 20 na farkon aikinta, yarinya in ta gama kakarta huɗu babu wani aikin ƙwallo mai ɗorewa da ke jiranta a Amurka, sai dai 'yan ƙalilan su tafi Turai ko Japan. Kocin da ya matse gumin irin wannan yarinya ya sallame ta hannu rabbana ya ci amanar iyayenta, ko kofi nawa ya tara. Duk 'yar wasan da ta ƙarasa shekarunta na wasa a hannun Pat ta fita da digiri. Lissafin bai haɗa da waɗanda suka bar ta a tsakiya ba, wannan gaskiya ne, amma ko da haka abu ne da kociyoyin maza da dama masu manyan suna ba za su iya faɗa game da kansu ba.

Zafin sana'ar ya fito sarai a 2008. Ta ci kofi biyu a jere da Candace Parker, sai duka 'yan wasa biyar da ke fara mata wasa suka tafi lokaci guda, ƙungiyoyin WNBA suka kwashe su, Parker ce ma aka fara zaɓa a duk ƙasar. Cikinsu har da Nicky Anosike, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne. Aka bar ta da sababbin shiga. A Fabrairun 2009 ta ci wasanta na 1,000, abin da babu kocin babban rukunin jami'o'i, na maza ko na mata, da ya taɓa kaiwa kafin ita. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka ƙaramar jami'ar Ball State ta yi waje da su a zagayen farko na gasar ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Suna komawa Knoxville ta kira atisaye, ko da yake kaka ta ƙare, babu sauran wasa.

An yi mata tayin riƙe ƙungiyar maza ta jami'ar, ta ƙi, tana tambayar dalilin da ya sa ake ganin hakan ci gaba ne. Tana da hujja. Ita da ta fara da 'yan kallo 53, a Disambar 1987 sama da mutum 24,000 suka cika sabon zauren Thompson-Boling don kallon 'yan matanta da Texas. A 2005 aka sa wa filin sunanta, a 2006 ta zama kocin mata ta farko da albashinta ya haura dala miliyan ɗaya a shekara. Ta riƙa neman manyan abokan hamayya da gangan tana zuwa har gidansu, musamman Jami'ar Connecticut ta koci Geno Auriemma da suka fara karawa a 1995, don ta san sai da hamayya talabijin ke zuwa, kuma in talabijin ta zo kowa ya amfana.

A 2011 ta fara mance abubuwan da ba ta saba mancewa ba: alƙawarin ganawa, inda ta ajiye makulli, har tsarin da za ta kira ana tsakiyar wasa. A asibitin Mayo da ke Minnesota aka tabbatar tana da cutar mantuwa ta Alzheimer, irin mai kamun wuri. Ba ta ɓoye ba. A watan Agusta ta fito ta faɗa wa duniya, ta kuma ce za ta ci gaba da aiki, ta kuwa ƙara yin kaka ɗaya. Wannan kaka ta yiwu ne saboda wadda ke gefenta, Holly Warlick, 'yar wasanta daga 1976 zuwa 1980, mataimakiyarta tun 1985. Holly ce ta riƙa tsayawa tana ba da umarni, Pat na zaune a gefe, yaran suna juyowa su dube ta kamar da. Suka kai zagayen 'yan takwas, Jami'ar Baylor ta fitar da su. A Afrilun 2012 ta sauka, ta miƙa wa Holly usur ɗinta a gaban 'yan jarida. Kaka 38, nasara 1,098, rashin nasara 208, ba kaka ɗaya da aka doke ta fiye da yadda ta ci. A shekarar Shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake bai wa farar hula. Ta rasu ranar 28 ga Yuni, 2016, tana da shekara 64. Gidauniyar da ta kafa ta taimaka aka buɗe asibitin masu cutar mantuwa da sunanta a Knoxville a 2017.

Waɗanda ta yaye sun buɗe nasu wuraren. Nikki Caldwell ta riƙe ƙungiyoyin jami'o'in UCLA da LSU, Kara Lawson ta karɓi Duke a 2020, Kyra Elzy ta riƙe Kentucky. Amma a shagon kansa abin bai yi sauƙi ba. Holly ta yi kaka bakwai tana cin wasanni fiye da yadda ake cin ta, aka sallame ta a 2019 don ba ta kai ƙungiyar zagayen 'yan huɗu ba. Aka kawo Kellie Harper, mai raba ƙwallo a kofuna ukun nan na jere, ita ma aka sallame ta a 2024. Ina ganin an yi wa matan nan biyu awo da tef ɗin da ba nasu ba, a lokacin da jami'o'i da dama suka riga suka zuba kuɗi a wasan mata, wanda kuma Pat ɗin ce ta yi faɗan a zuba.

Sana'ar ma ta sauya. Tun 2021 an ba ɗaliban 'yan wasa damar karɓar kuɗin talla da sunansu, an kuma sassauta dokar sauya jami'a, ta yadda yarinya za ta iya tashi bayan kaka ɗaya ta fara wasa a wani wuri nan take. Ina goyon bayan wannan, domin an daɗe ana cika zaure da gumin yaran da ko sisi ba ya shiga hannunsu, kuma wadda aka wulaƙanta tana da haƙƙin ta tafi. Abin da ke damuna shi ne kocin da ya san yarinya shekara ɗaya za ta yi masa ba shi da dalilin bin ta aji ya ga ko a layin gaba ta zauna. A Afrilun 2024 Tennessee ta ɗauko Kim Caldwell daga Jami'ar Marshall, ita ce ta farko tun 1974 da ta riƙe ƙungiyar ba tare da ta kasance Pat ko wadda ta yi wasa a hannun Pat ba. Har zuwa kakar 2025 ƙungiyar ba ta sake kaiwa zagayen 'yan huɗu ba tun kofin 2008.